Kusurwa ta Farko ko ta Uku: Wacce Za Ka Ɗauka a Zanen Fuskoki?

Mai koyon zanen fasaha ba ya daɗewa sai ya ci karo da wannan tambaya. Ya zana fuskar gaba ta abin da aka ba shi, ta fita tsaf. To abin da ake gani daga sama fa, ina zai ajiye shi, bisa fuskar gaba ko ƙarƙashinta? Abin da ake gani daga hagu kuma, a hagu zai zauna ko a dama? Amsoshi biyu ake da su a duniya, kowacce da mabiyanta da ƙa'idojinta a rubuce: tsarin kusurwa ta farko da tsarin kusurwa ta uku. A lissafi babu wanda ya fi wani daidai. Sai dai takarda ɗaya ba ta ɗaukar su duka biyu, don haka tilas mai zane ya yanke shawara tun kafin ya fara fuska ta biyu.

Kafin a kai ga zaɓi, sai a fara sanin abin da ya haɗa su, domin ya fi abin da ya raba su yawa.

Idon ɗan Adam yana rage girman abin da ya yi nisa. Gefuna biyu na doguwar hanya sai ka ga kamar sun haɗu a can gaba, alhali ba su haɗu ba. Hoto ma haka yake yi. Wanda zai yanka ƙarfe ko ya huda katako ba zai iya aiki da irin wannan gani ba, domin awo yake nema. Saboda haka zanen fuskoki, wanda a aji ake kira otogirafik, ya ɗauki wata ƙa'ida: a ƙaddara mai kallo yana nesa ƙwarai, har layukan ganinsa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa, kuma suna sauka a kan allo a tsaye cak, digiri 90. Duk fuskar abin da ta daidaita da allon za ta fito da ainihin girmanta. Milimita 40 a gaban abin milimita 40 ne, a bayansa ma milimita 40 ne.

Abin da aka rasa a nan shi ne, kowace fuska awo biyu kacal take nunawa. Fuskar gaba tana ba da tsawo daga hagu zuwa dama, da tsayi daga ƙasa zuwa sama. Fuskar sama tana ba da tsawo da faɗi, wato daga gaba zuwa baya. Fuskar gefe tana ba da tsayi da faɗi. Sai an haɗa biyu ko uku a ƙwaƙwalwa abin yake tashi da jikinsa. Fuskoki shida ake iya samu gaba ɗaya, gaba da baya, sama da ƙasa, hagu da dama, amma da wuya a buƙace su duka. Uku sukan wadatar, sandar ƙarfe mai zagaye kuwa biyu sun ishe ta, wani lokaci ma ɗaya idan an rubuta alamar faɗin da'ira. Duk wannan, da kaurin layi, da layi mai tsinke-tsinke na gefen da ya ɓuya, da layin tsakiya mai dogon ja da ɗigo, da yadda ake rubuta awo, iri ɗaya ne a tsarin biyu.

Sunayen nan na farko da na uku sun samo asali ne daga aikin Gaspard Monge, masanin lissafi na Faransa da ya rayu daga 1746 zuwa 1818. Ya tsara hanyar ne lokacin da yake aiki a makarantar injiniyoyin soja ta Mézières, inda ake fama da lissafin ganuwa da yadda za ta kare mutane daga harbin abokan gaba. An riƙe ta a matsayin sirrin soja shekaru da yawa, sai a 1795 ya koyar da ita a fili a Paris. Tunaninsa shi ne a ɗauki alluna biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, su ratsa juna. Sun raba sarari gida huɗu ke nan. Gida na farko yana saman allon kwance, gaban allon tsaye. Na biyu yana sama amma a baya. Na uku yana ƙasa kuma a baya. Na huɗu yana ƙasa a gaba. Mai kallo ba ya canja wuri: kullum daga gaba yake duba, kuma daga sama. Idan an gama sauke fuskokin a kan allunan, sai a juya allon kwance har ya shafe da na tsaye, rabinsa na gaba ya yi ƙasa, na baya ya yi sama, komai ya koma kan takarda ɗaya.

A nan ne ake gane dalilin da ba a jin labarin kusurwa ta biyu da ta huɗu. Idan abin yana gida na biyu, fuskar gaba da ta sama duk a saman layin mahaɗa suke faɗawa, ɗaya kan ɗaya. A gida na huɗu duk a ƙasa suke taruwa. Layuka su cakuɗe, babu mai iya karantawa. Na farko da na uku ne kaɗai ke raba fuskokin, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

A kusurwa ta farko, abin yana tsakanin mai kallo da allo. Ka duba daga gaba, abin da ka gani ya wuce ya sauka a allon da ke bayansa. Ka duba daga sama, ya sauka a allon da ke ƙarƙashinsa. Ka duba daga hagu, ya sauka a allon da ke dama. Sakamakon a takarda: fuskar sama tana zama a ƙasan fuskar gaba, fuskar hagu tana zama a dama, fuskar dama a hagu, fuskar ƙasa kuma a sama.

A kusurwa ta uku, allo ne a tsakanin mai kallo da abin. Malamai sukan ce a ƙaddara an sa abin cikin akwatin gilashi, a zana kowace fuska a jikin gilashin da ka leƙa ta cikinsa, sannan a warware akwatin a shimfiɗe shi. Fuskar sama tana sama, ta hagu tana hagu, ta dama tana dama, ta ƙasa tana ƙasa.

Akwai wani abu da ɗalibai da yawa ke ruɗewa a kai, kuma gane shi yana rage rabin wahalar. Fuskokin kansu ba sa canjawa. Fuskar sama ta kusurwa ta farko ita ce dai ta kusurwa ta uku, layi da layi, ba a kife ta ba, ba a juya ta ba. Idan ka yanke ta da almakashi daga ƙasan fuskar gaba ka manna ta a sama, ka yi wa fuskokin gefe musaya, ka mayar da zane daga wannan tsari zuwa wancan. Mazauni ne kawai ya bambanta. Abin da ke biyo bayan haka shi ne: a kusurwa ta uku, gefen kowace fuska da ke kusa da fuskar gaba shi ne gaban abin. A kusurwa ta farko, gefen da ke kusa da fuskar gaba shi ne bayan abin. Wannan jimla ɗaya, idan ta zauna a kai, ta isa a karanta kowane zane.

To idan bambancin mazauni ne kawai, me ya sa ake ɗaukarsa da zafi haka? Ga misali. Ana son a ƙera maƙalin ƙarfe mai siffar harafin L: bango a tsaye mai tsawon milimita 100 da tsayin 80, ƙafa a kwance mai faɗin 50, kaurin ƙarfen 10. A jikin bangon akwai huji mai faɗin milimita 12, nisansa daga gefen hagu milimita 20. An zana fuskar gaba, an kuma ajiye fuskar gefe a damanta, inda L ɗin ya fito ƙafarsa na nuna dama. Wanda ya karanta da kusurwa ta farko zai ce wannan fuskar hagu ce, gefenta na nesa da fuskar gaba shi ne gaba, don haka ƙafar tana miƙowa wajen mai kallo. Wanda ya karanta da kusurwa ta uku zai ce fuskar dama ce, gefenta na nesa shi ne baya, ƙafar ta miƙa baya ke nan. Kowannensu zai yanka, ya lanƙwasa, ya huda daidai da awon da aka rubuta. Ka ajiye maƙalan biyu ƙafafunsu na fuskantar wuri ɗaya, sai ka ga hujin ɗaya a hagu, na ɗayan a dama. Kamar takalmin ƙafar hagu da na dama ne: girma ɗaya, ɗinki ɗaya, amma duk yadda ka juya ɗaya ba zai zama ɗan'uwansa ba. Babu awo ko ɗaya da aka kuskure, shi ya sa mai duba aiki da ma'auni zai iya wuce shi bai lura ba. Sai ranar haɗawa, lokacin da noti ya ƙi samun hujinsa, abin yake tonuwa. Idan guda ɗaya aka yi da sauƙi. Idan ɗari biyar aka buga, ƙarfe da lokaci sun tafi.

Yanzu a auna tsarin biyu.

Ta fuskar sauƙin karatu, ni ina ganin kusurwa ta uku ce a gaba, kuma ba da ɗan tazara ba. Mutumin da bai taɓa shiga ajin zane ba, ka nuna masa takarda ka ce ina saman abin, sama zai duba. Ka ce ina damansa, dama zai duba. Ba sai an koya masa wata dabara ba. Fa'idar ta fi fitowa a dogon abu. Ɗauki sandar inji mai tsawon mita biyu, a ƙarshenta na hagu akwai hujoji shida a zagaye, a na dama akwai tsaga. A kusurwa ta uku, fuskar da ke nuna hujojin tana daf da ƙarshen hagu, ido yana bin layin tsakiya na kowane huji daga wannan fuska zuwa waccan cikin ɗan taƙi. A kusurwa ta farko, fuskar ƙarshen hagu tana can dama, sai ido ya ƙetare tsawon sandar gaba ɗaya, kuma abin da ke kusa da tsagar shi ne hoton hujojin da ba nata ba. A babbar takarda wannan yana gajiyar da ido, gajiyayyen ido kuwa shi ke kuskure. Haka ma awo: idan fuskoki biyu da ke nuna gefe ɗaya suna maƙwabtaka, sai a rubuta awon a tsakaninsu ya yi wa duka biyun aiki.

Hatta ƙa'idojin ISO (ƙungiyar duniya mai tsara ƙa'idojin masana'antu), waɗanda ƙasashe masu bin kusurwa ta farko ke aiki da su, sun yarda da wannan a wuri ɗaya. Idan ana so a nuna siffar ɗan ƙaramin sashe kawai, misali ramin makulli a jikin sanda, ana zana shi daf da wurin da yake, a haɗa su da layin tsakiya, bisa kusurwa ta uku, ko da sauran takardar a kusurwa ta farko take. Wannan togaciya ce da aka rubuta aka kuma sani, ba ta ba kowa izinin cakuɗa manyan fuskoki ba.

Amma kusurwa ta farko ba ta rasa nata ƙarfin ba, kuma masu raina ta galibi ba su zauna da ita ba ne. Ƙarfinta yana hannu. Ɗauki kwalin ashana ka ajiye a kan takarda, fuskar da ka zaɓa ta gaba tana kallonka. Mirgina shi zuwa dama sau ɗaya. Fuskar da ta juyo sama yanzu ita ce ta hagu, kuma tana zaune a dama. Maido shi, ka mirgina shi zuwa wajenka: samansa ne ya bayyana, a ƙasan inda yake da farko. Kusurwa ta farko ke nan, ba ƙari ba ragi. Wanda ya saba riƙe abu a hannu yana jujjuya shi a kan tebur, wannan tsari yana bin motsin hannunsa ne. Don a samu kusurwa ta uku da irin wannan mirginawa sai an ɗaga abin an juya shi ta ɗaya ɓangaren, abin da ba ya zuwa wa hannu da sauƙi haka.

Wuri na biyu da take da ƙarfi shi ne gini da duk abin da ke zaune a ƙasa. Fuskar gida a sama, shimfiɗar ɗakunansa a ƙarƙashi: haka hankali ke karɓa, domin ginin a kan ƙasa yake tsaye. Ko da yake, a zanen gine-gine wannan muhawara ba ta da zafi sosai, saboda kowace fuska sunanta ake rubutawa a ƙarƙashinta, ta gabas ko ta arewa, hawa na ɗaya ko na biyu, sau da yawa ma kowacce da takardarta. Rikicin na masu sassan inji ne da ƙira.

Na uku, wajen koyon lissafin da ke ƙarƙashin zanen, kusurwa ta farko ta fi sauƙin nunawa. Littafi a buɗe, rabi a tsaye rabi a kwance, ka ajiye abu a kai: ga allon tsaye, ga na kwance, ga abin a gabanka kana gani. Gano ainihin tsawon layin da ya karkata, ko inda bututu biyu suka haɗu, duk ana iya nuna su da hannu a haka. A kusurwa ta uku abin yana ƙarƙashin allo kuma a bayan wani, sai an ƙaddara allunan gilashi ne.

Wajen aikin zanawa kuwa, babu bambancin da ya kai a tsaya a kansa. Fensir ɗaya, rula ɗaya, kamfas ɗaya. Ana fara layukan gini da fensir mai tauri irin 2H, a ƙarasa da HB. Layin da ake gani yana ninka siririn layi kauri, misali milimita 0.7 da 0.35, ko 0.5 da 0.25. Layin nan mai karkatar digiri 45 da ake ja don kwaso faɗi daga fuskar sama zuwa ta gefe yana aiki a duka biyun, kusurwar da yake zama ce kawai ke sauyawa. Takarda ma ba wanda ya fi wani ci.

Duk waɗannan dalilai, da na goyon baya da na suka, akwai abin da ya fi su nauyi idan an zo aiki na gaske, shi ne wanda zai karanta zanen. Zane saƙo ne zuwa ga wani, kuma wannan wanin ya riga ya saba da tsari ɗaya tun yana ɗalibi. Yawancin ƙasashen Turai, irin su Jamus da Faransa da Italiya, da kuma Rasha, kusurwa ta farko suke bi. Haka Sin da Indiya. Amurka da Kanada kusurwa ta uku suke bi, Japan da Ostareliya ma haka. Ingila ta daɗe tana karɓar duka biyun, tun a tsohuwar ƙa'idarta ta BS 308 har zuwa BS 8888 da ta maye gurbinta a 2000, shi ya sa littattafan da suka fito daga can sukan koyar da su tare. A da ma ana kiran ta farko hanyar E, ta uku kuma hanyar A, daga sunayen Turai da Amurka a Turanci. A rubuce, ISO 5456 kashi na biyu ya bayyana duka tsarin biyu, ASME Y14.3 kuma shi ne abin bi a Amurka. Lura da cewa rabon bai bi nahiya ba: Sin da Japan maƙwabta ne, amma kowacce da nata. Don haka kada ka yi hasashe daga taswira, ka tambayi masana'antar da za ta yi aikin. Kamfani ma yakan bi tsarin uwar kamfaninsa ko na babban mai sayen kayansa, ba na ƙasar da yake zaune ba.

Abin da ke ɗinke wannan ɓaraka ɗan ƙaramin zane ne da ake sawa a akwatin bayani, can ƙasan takarda ta dama, kusa da sunan zane da sikelin da aka zana shi a kai. Siffar bokiti ce a kwance, baki ɗaya faɗi ɗaya tsuke, an nuna ta a fuska biyu: ta gefe mai kusurwa huɗu, da da'irori biyu ɗaya cikin ɗaya. Mutane sukan haddace cewa da'ira a dama kaza ce, a hagu kaza ce, sai su rikice ranar da suka ga an juya bokitin. Abin dubawa shi ne wane baki ne ke kusa da da'irorin. Da'irori biyun duka da cikakken layi ake zana su, wanda ke nufin an kalli abin ne ta tsukakken baki, domin ta nan ne kawai ake ganin ƙaramar da'ira da babba a tare. Idan da'irorin suna kusa da tsukakken bakin, an ajiye fuskar a gefen da aka tsaya aka kalla, kusurwa ta uku ke nan. Idan suna kusa da faffaɗan bakin, fuskar ta ƙetare zuwa ɗaya gefen, kusurwa ta farko ke nan. Alamar da kanta ƙaramin darasi ce na tsarin da take wakilta. Zanen da ya fita daga hannunka babu ita, a wurina bai kammala ba, komai kyan layukansa.

To wacce za ka ɗauka?

Idan ɗalibi ne kai, manhajar karatunka da takardar tambaya su ne ke da magana. Tambaya takan faɗi tsarin da ake so ƙarara, kuma wanda ya zana fuskoki masu kyau a mazaunin da ba shi ba ya yi asarar maki a banza. Shawarata ita ce ka fara da ɗaya, ka zauna a kansa har hannunka ya daina tunani kafin ya ajiye fuska, sannan ka ɗauki zanukan da ka riga ka gama ka sake jera su a ɗaya tsarin. Koyon su a rana ɗaya shi ke haifar da zanen da fuskar samansa ke bin wannan, ta gefensa ke bin wancan, kuma irin wannan ya fi kowane kuskure muni, domin babu alamar da za ta cece shi. Ka kuma yi atisaye da abubuwan da hagunsu da damansu ba su yi kama ba. Abu mai daidaiton ɓangarori yana ɓoye kuskure, domin fuskarsa ta hagu da ta dama iri ɗaya ne.

Idan aiki kake aikawa a ƙera maka, bi tsarin maƙeran, ko da ba shi ka fi so ba. Kai sau ɗaya za ka jera fuskokin, kana zaune cikin natsuwa. Shi kuwa mai aikin zai duba takardar sau da yawa, a tsaye, ga ƙarar inji, hannu duk mai. Idan ɗayanku zai ɗauki nauyin juya tunani, kai ya kamata ka ɗauka. Idan kuma ka shiga wurin aiki da ke da tsofaffin zanuka, bi abin da ka tarar. Inji ɗaya da rabin takardunsa ke wannan tsari rabi ke wancan tarko ne ga duk wanda zai zo gyara bayan shekaru.

Idan kuwa babu mai tilasta maka, aikinka ne na kanka, ko masu karanta zanenka ba su yi karatun zane mai zurfi ba, ni kusurwa ta uku zan ce ka ɗauka. Kafinta ko mai walda da ya koyi sana'a a bakin aiki zai fi saurin gane takardar da dama ke dama, sama ke sama. Ka ƙara masa da ɗan hoton aisometirik a gefe, wanda ke nuna fuskoki uku a haɗe da layuka masu karkatar digiri 30. Ba a ɗaukar awo daga gare shi, amma kallo ɗaya ya isa a san ina ƙafar maƙalin nan ta nufa.

Akwai kuma hanya ta uku da ISO ta amince da ita, ga wanda takarda ta yi masa kaɗan ko fuskar ba ta samu mazauninta ba. Sai a sa kibiya a jikin babbar fuska tana nuna inda aka kalla, a rubuta babban harafi kusa da ita, a ajiye fuskar duk inda aka samu wuri da wannan harafin a samanta. Tana da amfani a manyan zanuka masu sassa da yawa. Ga mai koyo dai ban so ta zama mafaka, domin jera fuskoki a layi ɗaya, tsayi ya yi daidai da tsayi, tsawo da tsawo, shi ne ke koya wa ido karatu.

Masu aiki da kwamfuta su ma ba su tsira ba, sai dai nasu kuskuren ya fi shiru. Manhajoji irin SolidWorks da Inventor da FreeCAD suna fitar da fuskoki da kansu daga siffar da ka gina, kuma kowacce tana da wurin da ake zaɓar kusurwa ta farko ko ta uku a saitin takarda ko na ƙa'idar zane. Matsalar ita ce alamar da ke akwatin bayani sau da yawa zane ne kawai da aka manna a jikin samfurin takardar, ba lallai ta canja ba idan an canja saitin. Sai a samu fuskoki a kusurwa ta uku, alama tana cewa ta farko. Wannan ya fi rashin alama haɗari, domin mai karatu ya yarda da ita. Duk lokacin da ka karɓi samfurin takarda daga wani, ka jefa masa abin da ka san hagunsa da damansa, ka ga inda fuskar ta faɗa, ka gwada da alamar.

Saura zanen da ya zo hannunka babu alama ko kaɗan, tsohuwar takarda ko hoton da aka turo ta waya an yanke gefensa. Kada ƙasar da ya fito ta zama hujjarka. Nemi wani sashe da ke gefe ɗaya kawai na abin, ka bi shi a fuska biyu. A koma kan maƙalin nan mai siffar L. A fuskar gaba akwai layi a kwance, milimita 10 daga ƙasa, wanda ke nuna saman ƙafar. Idan cikakken layi ne mai kauri, ana ganin ƙafar, tana gaba ke nan. Idan mai tsinke-tsinke ne, ta ɓuya a bayan bango. Da ka san inda ƙafar take, sai ka duba fuskar gefe: idan gaban abin yana nesa da fuskar gaba, kusurwa ta farko ce, idan yana kusa, ta uku ce. Ka sake gwadawa da wani sashe dabam a fuskar sama don ka tabbata amsar ɗaya ce. Idan mai zanen bai sa layukan ɓoye ba, ko hoton ya dushe har ba a bambance cikakken layi da mai tsinke-tsinke, to takardar ba ta ɗauke da amsar, kuma duk daɗewar da za ka yi kana kallonta ba za ta ba ka ba. A nan sai a ajiye abin yanka, a nemi wanda ya zana ko a je a duba wurin da sashen zai zauna a jikin injin, a rubuta tsarin a kan takardar da biro kafin a taɓa ƙarfe.